Kilo Uku a Kafaɗa: Nazari a Kan Jitar Gibson SG

Ranar 7 ga Mayun 1964, gidan talabijin na Granada ya shirya wasa a wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa da ke titin Wilbraham a birnin Manchesta na Ingila. An zaunar da matasa 'yan kallo a dandamali guda, makaɗa suna ɗayan, layin dogo ya raba tsakani. Ana cikin haka ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Sai ga keken doki ya sauke wata mata baƙar fatar Amurka, Sister Rosetta Tharpe, mai shekara 49, sanye da doguwar kwat da takalmi mai tsini. Ta rataya wata farar jitar lantarki mai ƙahoni biyu masu tsini da ƙarafa ruwan zinare, ta shiga kai da komo a kan jiƙaƙƙen dandamalin nan tana rera waƙoƙin coci, tana ɗaga wuyan jitar sama, tana juya ta yadda ta ga dama. Duk wanda ya kalli hoton wasan zai lura ba ta ɗaukar jitar a matsayin kaya. Kamar mayafi take a jikinta.

Shekara biyar da 'yan watanni bayan nan, wani saurayi ɗan Birmingham mai guntayen yatsu biyu ya shiga ɗakin naɗar sauti a Landan da jita mai irin wannan sura, ya fitar da wani kiɗa mai nauyi da duhu wanda daga baya aka sa wa suna hebi metal. Tsakanin waƙar yabon Ubangiji ta matar nan da rugugin saurayin akwai nisa kamar na sama da ƙasa, amma katakon da ke rataye a kafaɗunsu sassaƙa ɗaya ce. Abin da nake son bi ke nan: me ke cikin wannan jita, Gibson SG, da ya sa ta shiga hannuwa mabambanta haka, kuma wane rabo rashin nauyinta yake da shi a ciki.

Kasuwar da ta ja baya

Kamfanin Gibson, wanda a lokacin yake garin Kalamazoo na jihar Michigan, ya fitar da jitarsa ta farko mai dunƙulallen katako a 1952, ya sa mata sunan shahararren makaɗin nan Les Paul. Gangar jikinta katako ne hawa biyu: mahogani a ƙasa, wato ɗan uwan maɗacin da muka sani, sannan aka ɗora mepul a sama aka sassaƙa shi ya yi tudu kamar bayan ƙwarya. Kaurinta ya kai santimita biyar, nauyinta kuwa yawanci tsakanin kilo 4 ne da kilo 4 da rabi. Amonta yana da kauri, yana kuma jimawa kafin ya mutu.

A can Kalifoniya, kamfanin Fender ya fitar da Stratocaster a 1954. An rage mata katako a inda take taɓa ciki da inda damtse ke kwanciya, an yanke ta gefe biyu a gindin wuya, ta fi sauƙi, ta kuma fi kama da abin zamani a idon matasa. Zuwa ƙarshen shekarun 1950 cinikin Les Paul ya yi sanyi. Samfurinta na Standard da aka ƙera daga 1958 zuwa 1960, wanda yau masu kuɗi ke rububinsa da ɗaruruwan dubban daloli, gaba ɗaya kimanin guda 1,700 aka yi. Shugaban kamfanin, Ted McCarty, da mutanensa suka ga ba gyaran fuska ake buƙata ba. Suka dakatar da tsohuwar sura baki ɗaya, suka sassaƙa sabuwa, ta shiga kasuwa sosai a 1961.

Abin da aka sassaƙe

An cire murfin mepul ɗin nan mai nauyi, aka bar mahogani zalla. Kaurin jikin ya dawo kimanin santimita uku da rabi. Aka zaftare gefunan ta yadda ba sa cizon haƙarƙari ko damtse. Aka yanke gefe biyu na gindin wuya, yanka mai zurfi, har ƙahoni biyu suka fito. Aka shafa mata jan launi mai haske wanda ake hango zanen katako ta cikinsa. Da aka ɗora ta a sikeli, sai ta tsaya wajajen kilo 3.

Bambancin kilo ɗaya ko ɗaya da rabi ba ya cika kunne, sai ya hau kafaɗa. A ɗauki babbar gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, a ɗaura mata igiya, a rataya a kafaɗar hagu, a tsaya da ita awa biyu ana motsi, sannan a tuna cewa makaɗin da ke yawon wasa yana yin haka dare bayan dare. Wannan gorar ita ce tazarar da ke tsakanin Les Paul mai nauyi da SG. Ba a kafaɗa kaɗai take tsayawa ba. Idan kafaɗa ta ɗaure, damtse yana ɗaurewa, wuyan hannu ya biyo baya, yatsu su rasa sakewa.

Canji na biyu ya fi na nauyi muhimmanci a wurina, ko da yake ba a cika ambatonsa ba. A wuyan jita akwai ƙananan ƙarafa da aka gindaya, su ne ke raba shi gaɓa-gaɓa, kuma duk yadda yatsa ya matsa kusa da gangar jiki, haka murya ke ƙara siranta. A Les Paul wuya yana haɗuwa da jiki ne a gaɓa ta 16, saboda haka wanda ke son kaiwa ta 20 ko ta 22 sai ya lanƙwasa hannu ya zagaye dunƙulen katako. A SG ta farko kusan dukkan gaɓɓai 22 suna waje, babu abin da ya tare su. Hannu yana zamewa daga kai har gindi ba tare da ya ci karo da komai ba. Wuyan kansa siriri ne, har kamfanin ya riƙa tallarsa da cewa babu wuyan da ya kai shi sauri a duniya.

Akwai kuma abin da ta gada daga yayarta: tsawon tsirkiya daga kai zuwa jaki, wato abin da tsirkiya ke hawa a kan gangar jiki, milimita 628 ne, alhali na Fender 648 ne. Idan kaurin tsirkiya ɗaya ne, murya ɗaya ce, wadda ta fi gajarta ta fi laushi a ƙarƙashin yatsa da kusan kashi shida cikin ɗari, gaɓɓai kuma sun fi kusa da juna. Mai ƙananan hannuwa ya san darajar wannan.

Mutum ɗaya ne bai yi murna ba, shi ne mai sunan, domin sabuwar ma da sunan Les Paul ta fito. Les Paul bai so sabuwar surar ba, ya yi ƙorafi a kan tsinin ƙahonin da kuma raunin mahaɗar wuya. A daidai lokacin aurensa da abokiyar waƙarsa Mary Ford yana tangal-tangal, yarjejeniyarsa da kamfanin kuma ta zo ƙarshe ba a sabunta ba. A 1963 aka cire sunansa, aka bar mata haruffa biyu, SG, waɗanda a Turance ke nufin jita mai dunƙulallen jiki kawai. Suna ne irin na lambar kaya a sito. Farar jitar da Rosetta Tharpe ta riƙe a Manchesta ita ce babbar cikin jerin, Custom, mai fikof uku, wato na'urorin da ke ɗaukar amon tsirkiya. A ƙasanta akwai Standard, sai Special, sai Junior ta masu koyo. Tun daga 1961 ba a taɓa daina ƙera SG ba, kuma kamfanin da kansa yana cewa samfurin Standard ɗinta ya fi kowace jitarsa ciniki a tarihi.

Yatsu biyu a injin yankan ƙarfe

Lamarin Tony Iommi, saurayin nan na Birmingham, shi ne ya fi kama ni, domin a nan ne ake ganin jiki da kayan kiɗa suna sasantawa a fili. An haife shi a Birmingham a 1948, bahago ne, don haka hannun damansa ne ke danna tsirkiya. Yana ɗan shekara 17, a ranarsa ta ƙarshe a wata masana'antar ƙarfe kafin ya koma kiɗa gaba ɗaya, aka sa shi a kan injin da bai saba da shi ba. Injin ya datse masa kan yatsar tsakiya da ta kusa da ƙarama a hannun dama, daidai inda tsirkiya ke kwanciya. Likitoci suka ce ya haƙura da jita.

Shugabansa na wurin aiki ne ya kawo masa faifan Django Reinhardt, makaɗin jaz ɗin nan da gobara ta nakasa wa yatsu biyu a 1928 amma ya ci gaba da kiɗa da sauran. Iommi ya narkar da robar kwalbar sabulun wanke-wanke, ya dunƙula ta, ya huda ta da ƙarfe mai zafi har ta shige kan yatsa, ya goge ta, ya lulluɓe da guntun fatar wata tsohuwar rigarsa don kada ta riƙa zamewa. A yi tunanin abin da wannan ke nufi: yana danna tsirkiya da abin da ba ya ji, dole kunne ya yi aikin da fata ke yi. Tsirkiyoyin da ake sayarwa a lokacin sun yi masa tauri, suna yi masa ciwo, sai ya riƙa haɗa na banjo masu siranta da na jita. Ya zagaya kamfanoni yana roƙon a yi masa sirara, suna ce masa ba za su yi amo ba, har sai da kamfanin Picato ya yarda.

Gaskiyar magana, ba rashin nauyi ne ya kai shi ga SG ba. Stratocaster yake kaɗawa. A watan Oktoban 1969, ƙungiyarsa ta Black Sabbath tana naɗar faifanta na farko, sun gama waƙa ɗaya ke nan fikof ɗin jitar ya mutu, sai ya jawo SG ɗin da ya ajiye don ko ta kwana. SG ɗinsa ta farko ma ta masu hannun dama ce, juya ta yake yi, kuma surarta mai yanka gefe biyu ta sa hakan ya yiwu ba tare da wahala sosai ba, kafin ya yi musanya da wani ya samu ta bahagwai, wadda ya manna wa hoton biri. Tsautsayi ne ya haɗa su. Abin tambaya shi ne me ya sa bai koma ba bayan an gyara waccan.

Amsar tana cikin yatsunsa. Gajeren tsawon tsirkiya ya rage masa ciwo. Siririn wuya ya dace da hannun da ba ya iya miƙewa sosai. Ya sa aka rage tsayin ƙarafan gaɓɓai, aka shafe fuskar wuyan da fenti mai santsi don kada robar yatsunsa ta riƙa sarƙewa. A faifansu na uku a 1971 ya ƙara sassauta tsirkiyoyin, ya sauke muryarsu da gaɓa uku. Sassaucin ya sauƙaƙa wa yatsu, ya kuma haifar da wannan amo mai zurfi da kauri da dubban makaɗa suka kwaikwaya daga baya. Kiɗan da ake kira mafi nauyi a duniya ya fito ne daga ɗaya daga cikin jitoci mafi sauƙi, da tsirkiyoyi mafi siranta, a hannun mutumin da ke gudun ciwo. Wannan kaɗai ya isa ya sa a yi shakkar maganar da ake yawan ji a shagunan kayan kiɗa, cewa sai katako ya yi nauyi amo ke yin nauyi.

Mai gudu da mai tsayuwa

Inda nauyi ya yi magana kai tsaye shi ne wajen Angus Young na ƙungiyar AC/DC. An haife shi a Glasgow a 1955, iyayensa suka yi ƙaura zuwa Sidni ta Ostiraliya a 1963, shi da yayansa Malcolm suka kafa ƙungiyar a 1973. Ɗan ƙaramin mutum ne, tsayinsa bai kai mita ɗaya da santimita sittin ba, kuma ya sha faɗa cewa Les Paul ta yi masa nauyi. Wasansa kuwa gudu ne daga farko har ƙarshe, cikin kayan 'yan makaranta: ya ratsa dandamali da tsalle a ƙafa ɗaya, ya kwanta a ƙasa yana juyi kamar dutsen niƙa, a ɗauke shi a kafaɗa a kutsa cikin taro, duk bai daina kiɗa ba. Da jitar kilo huɗu da rabi wannan salon ba zai ɗore shekara hamsin ba. A nan jitar ba amo kaɗai ta bayar ba, ta ba shi damar zama irin ɗan wasan da ya zama.

Derek Trucks kishiyarsa ne ta kowace fuska. Yana tsayawa cak, fuskarsa ko motsi ba ta yi. An haife shi a Jacksonville ta jihar Florida a 1979, ya fara kiɗa yana ɗan shekara tara, ya shiga ƙungiyar Allman Brothers a 1999, inda ɗan uwan mahaifinsa Butch ke kaɗa ganga, sannan shi da matarsa Susan Tedeschi suka kafa tasu a 2010. Salonsa shi ne ya sa ɗan bututun gilashi a yatsa, ya riƙa zamar da shi a kan tsirkiya ba tare da ya danna ta ta taɓa ƙarfe ba. Da haka gaɓɓai suka daina yi masa iyaka, murya tana sulalewa daga wannan zuwa waccan ta ratsa duk abin da ke tsakani. Wanda ya saba jin goge ya san irin wannan kukan. Trucks ya yi karatu a makarantar kiɗa ta Ali Akbar Khan da ke Kalifoniya, ya kuma saurari mawaƙin ƙawwali (waƙar begen Sufaye) na Pakistan, Nusrat Fateh Ali Khan, har lanƙwasar muryoyinsu ta shiga hannunsa, ya gauraya ta da buluz na kudancin Amurka.

Ba gudu yake yi ba, saboda haka ba sauƙin kafaɗa ne babban abin da yake samu ba. Abin da SG ta ba shi shi ne fili. Mai gilashi a yatsa yana buƙatar hannunsa ya tsaya miƙe a kan tsirkiya, kuma mafi daɗin kukan yana can sama, kusa da gangar jiki, wani lokaci ma har ya wuce inda wuya ya ƙare. A jitar da katako ya tare wannan wuri, hannu sai ya karkace, gilashi ya karkace, murya ta kauce. Ba ya amfani da ɗan robar kaɗa tsirkiya, yatsunsa yake sawa, kuma sau da yawa waya ɗaya ce tak tsakanin jitarsa da amfilifaya, na'urar ƙara sauti. Duane Allman na ƙungiyar Allman Brothers, wanda Trucks ya gaji gurbinsa a salon, shi ma yana da SG da yake irin wannan kiɗa da ita kafin rasuwarsa a 1971.

Sauran ba sai an daɗe a kansu ba. A bikin Woodstock na Agustan 1969, Carlos Santana ya kaɗa jar SG Special a tsakiyar gangunan Latin, Pete Townshend na The Who ya daki irinta a wannan dandamali. George Harrison na ƙungiyar The Beatles ya yi aiki da ita a 1966. Ta makaɗin Ingila Eric Clapton, wadda wasu masu zane 'yan Holan suka yi wa ado a 1967, an yi gwanjonta a 2023 a kan dala miliyan 1.27. A nahiyarmu, mawaƙiyar Mali Fatoumata Diawara tana hawa dandamali da SG tana kaɗa salon yankin Wasulu na kudancin Mali.

Daga ina muryoyin suke fitowa

A nan ne ya kamata a yi hattara, domin masu talla suna son haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Jitar lantarki mai dunƙulallen katako ba ta da ƙoƙon da ke ƙara amo kamar molo ko garaya. Abin da ke jin tsirkiya shi ne fikof, wato maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai. Tsirkiyar ƙarfe tana karkarwa a samansa, karkarwar ta zama 'yar wutar lantarki, amfilifaya ta kumbura ta. Katako yana da tasiri a yadda tsirkiya ke karkarwa da yadda amo ke mutuwa, amma makaɗa da maƙera sun daɗe suna gardama a kan girman tasirin, kuma a ganina an fi ba shi girman da bai kai ba.

SG Standard tana da fikof biyu irin wanda Seth Lover ya ƙirƙira, Gibson ya fara sawa a 1957: naɗi biyu da aka jera sabanin juna don su kashe gurnanin wutar gida. Na kusa da jaki yana ba da murya mai kaifi, na kusa da wuya yana ba da mai taushi da zagaye. Akwai makunni mai matsayi uku da ke zaɓar wannan, ko wancan, ko duka, da maɓallan murɗawa huɗu, biyu na ƙarfi, biyu na kaifi. Special kuwa tana da tsohon fikof mai naɗi ɗaya, P-90, mai ɗan kaushi da cizo, shi ne a jitar Santana da Townshend da Iommi. A murɗe kaifi ƙasa a koma fikof na wuya, a samu murya mai laushi da za ta zauna a jaz. A buɗe komai a koma na jaki, a ƙure amfilifaya, a samu rok. Duk wannan tsari akwai shi a Les Paul, kusan waya da waya.

To ashe yawan muryoyin SG ba daga sauƙinta ya fito ba. Abin da sauƙin ya yi, tare da siririn wuya da buɗaɗɗun gaɓɓai, shi ne ya faɗaɗa yawan mutanen da za su iya zama da ita tsawon lokaci har hannunsu ya faɗa: mace mai shekara kusan hamsin da ke waƙa tana tafiya, saurayi mai guntayen yatsu, gajere mai gudu, mai gilashi da ke son sarari. Kowannensu ya zo da kiɗan da ke kansa, jitar ba ta tare masa hanya ba. Na fi yarda da wannan bayani a kan duk wani batun sirrin katako.

Ba kuma ita kaɗai ke da wannan hali ba. Stratocaster, wadda ta fi ta nauyi da kaɗan, ta ratsa salo da yawa ita ma, wasu ma za su ce ta fi, kuma ita ce a hannun Mdou Moctar na Nijar.

Kowane allazi da nasa amanu

Na taɓa karɓar aron wata jita mai surar SG, kwaikwayo ce marar suna, a wurin wani abokina. A zaune na fara gwada ta, na ji kamar ba komai a cinyata. Da na miƙe na rataya ta, na saki hannun hagu don in gyara waya, sai kan jitar ya sunkuya a hankali kamar na mai gyangyaɗi, har ya nufi ƙasa. Na ɗaga shi, na saki, ya sake sunkuyawa. Kafin rabin awa na gane hannuna na hagu aiki biyu yake yi, yana danna tsirkiya yana kuma tallafe wuya.

Wannan hali sananne ne ga surar, kuma dalilinsa a bayyane yake. Jiki ya yi sauƙi, wuya dogo ne ya fito waje, a ƙarshensa ga ƙusoshin ɗaure tsirkiya guda shida na ƙarfe. Sannan maɓallin da maratayi ke kamawa yana bayan gindin wuya ne, ba a kan dogon ƙaho kamar na Stratocaster ba, wanda ke miƙewa har wajen gaɓa ta 12 ya daidaita rinjaye. Makaɗa suna magance shi da faffaɗan maratayin fata mai kaushi a ciki wanda ke kama riga, ko su sauya ƙusoshin da marasa nauyi, wasu ma har su matsar da maɓallin. Akwai kuma wani abu da sabon shiga ke ji: da yake wuyan ya fito waje, gaɓɓan farko sun yi nisa da jiki, hannu sai ya ƙara miƙewa. Sararin da aka samu a sama an biya shi a ƙasa.

Ƙorafin Les Paul a kan mahaɗar wuya ma gaskiya ne. Katakon da ya rage a wurin kaɗan ne, ramin fikof na wuya kuma ya ƙara cinye shi. A samfuran farko, idan aka ɗan ja wuyan ko aka tura shi, muryar dukkan tsirkiyoyi tana motsawa. Townshend ya mayar da wannan salo, yana girgiza wuyan da gangan don amo ya yi rawa, amma ga yawancin mutane matsala ce, kuma da yawa sun tsage a wurin. Wajajen 1966 kamfanin ya sake fasalin mahaɗar, ya ƙara shigar da wuyan cikin jiki, wato ya sadaukar da kaɗan daga sararin nan don a samu ƙarfi.

Santana shi ne shaidar ɗaya ɓangaren, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Bai daɗe da SG ba. Abin da yake nema shi ne murya guda da za ta tsaya a iska ta daɗe ba ta mutu ba, sai ya koma Les Paul, daga baya kuma ya yi aiki da kamfanin Yamaha na Japan a kan SG2000 ta 1976. Sunan ya yi kama, amma wannan jita ce mai kauri da nauyi, har da dunƙulen farin ƙarfe na tagulla da aka binne ƙarƙashin jaki. Ya zaɓi ya ɗauki kaya don ya samu abin da kunnensa ke so. Haka ma matasan Ingila da Amurka da suka riƙa farautar tsofaffin Les Paul a tsakiyar shekarun 1960, har kamfanin ya dawo da tsohuwar surar a 1968. Sauƙi bai kori nauyi daga kasuwa ba, su biyun suka zauna tare.

Wasu maƙeran sun tura batun gaba fiye da inda SG ta tsaya. Ken Parker ya fitar da Parker Fly a 1993, siririn katako da aka lulluɓe bayansa da zaren kabon, nauyinta bai fi kilo biyu da 'yan kai ba. Joni Mitchell, wadda shan inna ta taɓa tun tana yarinya kuma bayanta ke damunta, ta riƙe jitar Parker a shekarun 1990. Duk da haka surar ba ta karɓu a wurin jama'a sosai ba, an daina ƙera ta wajajen 2016.

Ita kuwa Les Paul da aka dawo da ita, a shekarun 1970 nauyinta ya ƙaru, wasu har sun haura kilo 5, domin mahogani marar nauyi ya yi wuyar samu. A farkon shekarun 1980 Gibson ya fara huda ramuka tara a cikin mahoganin kafin a manna murfin mepul a kai, daga baya ma ya riƙa rarake manyan ɗakuna a cikin wasu samfuran. Daga waje ba a ganin komai, sura da launi da suna duk suna nan yadda aka san su. Masu jitar da yawa ba su san da ramukan ba sai da wasunsu suka kai ta aka ɗauki hotonta da na'urar da ake duba karaya a asibiti.